Churchill: Garin Kanada da jama'a ke zaman makwabtaka da farin beyar

Babu titin mota da ya shiga garin Churchill. Mai son zuwa sai dai ya hau jirgin sama daga birnin Winnipeg, ko ya bi jirgin ƙasa da ke kwana biyu a hanya. Duk da haka, dubban baƙi daga Turai da Asiya da Amurka na yin tururuwa zuwa wannan ɗan ƙaramin gari a kowace shekara, alhali mazaunansa 870 ne kacal a ƙidayar da aka yi a 2021.

Abubuwa uku ne ke jawo su: farin beyar da ke taruwa a gefen garin a ƙarshen shekara, da fararen dabbobin teku da ake kira beluga waɗanda ke cika bakin kogi da bazara, da kuma hasken da ke kaɗawa a sararin samaniya cikin dare. Bayan waɗannan akwai tarihin ƙabilun da suka riga Turawa zama a wurin da dubban shekaru, tarihin da ke ɗauke da ciniki da sulhu da kuma zalunci.

Inda garin yake

Churchill na lardin Manitoba ne a arewacin Kanada, a yammacin gaɓar Tekun Hudson, daidai inda Kogin Churchill ke zuba cikin teku. Tsakaninsa da Winnipeg, hedikwatar lardin, kusan kilomita 1,000 ne ta sama, tafiyar awa biyu da 'yan kai. Layin dogo kuwa ya kai kusan kilomita 1,700, wato ya ɗara nisan dogon da ya tashi daga Legas zuwa Kano nesa ba kusa ba.

Jirgin ƙasan kamfanin VIA Rail ba ya gudu sosai a ƙarshen tafiyar, kuma akwai dalili. An shimfiɗa dogon ne a kan ƙasa mai dausayi wadda ƙarƙashinta daskararre ne shekara da shekaru. Idan zafi ya zo sai samanta ya narke ya yi laushi, ƙarfen ya lotsa a wani wuri ya ɗaga a wani, dole direba ya bi a hankali.

Wanda ya zauna kusa da taga zai ga yadda ƙasa ke sauya kama. Gonakin alkama na kudu su ba da wuri ga dazuzzuka masu duhu, daga nan bishiyoyi su riƙa gajarta suna tazara da juna, har a iso wani shimfiɗaɗɗen fili da ido ba ya ganin ƙarshensa, mai cike da ƙananan tafkuna da gansakuka. Tsirarun bishiyoyin da suka rage kusa da teku rassansu a gefe ɗaya suke, domin iskar arewa mai ɗauke da tsakuwar ƙanƙara ta aske ɗaya gefen.

A wannan wuri ne daji da fili marar bishiya da teku suka haɗu, shi ya sa ake samun dabbobin muhalli uku a guri guda. Matsakaicin sanyin watan Janairu ya kai kusan digiri 26 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas. A tsakiyar watan Yuni rana na wuce awa 18 ba ta faɗi ba, a Disamba kuwa yini bai fi awa shida da 'yan mintoci ba.

Abin da ke tara farin beyar

Farin beyar shi ne mafi girma a cikin dabbobin tudu masu cin nama. Ƙosasshen namiji na iya kai kilo 600, macen kuwa kusan rabin haka. Babban abincinsa wata dabbar ruwa ce mai yawan kitse da ake kira sil. Ba ya iya kama ta a cikin ruwa domin ta fi shi zafin iyo, sai dai ya laɓe a kan ƙanƙarar da ta rufe teku, kusa da ramin da take leƙowa ta shaƙi iska, ya cafke ta. Ke nan ƙanƙarar teku ita ce filin farautarsa, idan babu ita babu abinci.

Tekun Hudson na narkewa baki ɗaya da bazara. A watan Yuli sai dabbobin su hauro tudu, su shafe kusan wata huɗu suna rayuwa da kitsen da suka tara, kowannensu na rasa kusan kilo ɗaya a kullum. Yawanci kwanciya suke yi don tattalin ƙarfi.

Da Oktoba ta kama sai su doso gaɓar da ke gabashin Churchill, saboda nan ne teku ke fara daskarewa. Ruwan daɗin da koguna ke zubawa ya fi ruwan gishiri saurin zama ƙanƙara, ga kuma iskar arewa da igiyar ruwa suna turo ƙanƙarar suna jibge ta a wannan lungu. Dabbobin sun san haka, shi ya sa suke taruwa suna jira. Ranar da ƙanƙara ta yi kaurin da za ta ɗauke su, cikin 'yan kwanaki sai a neme su a rasa.

Mata masu ciki ba sa bin sahu. Suna shiga cikin ƙasa su haƙa rami a gaɓar tafkuna, su haihu a watan Nuwamba ko Disamba. Jaririn bai kai kilo ɗaya ba a ranar haihuwa. Uwar ba ta fitowa da 'ya'yanta sai Fabrairu ko Maris, ta yi kusan wata takwas ke nan ba ta ci komai ba, tana kuma shayarwa. Don kare waɗannan ramuka ne aka kafa Gandun Dajin Wapusk a 1996, mai faɗin murabba'in kilomita 11,475. Kalmar wapusk a harshen ƙabilar Cree na nufin farin beyar.

Zama da makwabci mai haɗari

Garin na kan hanyar da dabbobin ke bi, kuma mayunwacin beyar na jin ƙanshin abinci daga nesa. A da, wanda duk ya shigo gari harbe shi ake yi. Daga baya gwamnatin Manitoba ta kafa wani shiri na musamman: jami'an gandun daji na sintiri a lokacin taruwar dabbobin, akwai kuma lambar waya da ake kira dare da rana idan an hango ɗaya.

Matakin farko shi ne kora da ƙahon mota da harsashin da ƙara kawai yake yi. Wanda ya yi taurin kai sai a kama shi da tarko mai kama da babbar ganga, a kai shi wani tsohon ginin sojoji da aka mayar wurin tsarewa, wanda jama'a ke kira kurkukun beyar. Yana da ɗaki 28. Ana iya tsare dabba har kwana 30, ana ba ta ruwa amma ba a ba ta abinci, don kada ta ɗauka cewa zuwa gari na kawo ƙoshi. Idan teku ta daskare a sake ta a kan ƙanƙara, idan kuma da saura sai a yi mata allurar barci, a sa ta a raga, jirgi mai saukar ungulu ya kai ta arewa nesa da mutane. A 2005 aka rufe jujin garin da ya daɗe yana jawo su.

Su ma mazauna sun ɗauki nasu matakin. Da yawa ba sa kulle motocinsu, don wanda ya yi kiciɓis da beyar a titi ya samu wurin fakewa. Ana busa jiniya da ƙarfe 10 na dare. A daren 31 ga Oktoba, lokacin da yara ke zagaya gidaje neman alewa bisa al'adar ƙasar, jami'ai da 'yan sa-kai kan zagaye garin da motoci suna haska fitilu. Rabon da beyar ya kashe mutum a garin tun 1983, kodayake a 2013 wani ya raunata mutum biyu. Rigakafi dai ya fi magani.

Baƙi kuwa ana kai su kallo ne a cikin wasu manyan motoci masu dogayen tayoyi da suka fi mutum tsayi, yadda ko dabbar ta miƙe tsaye ba za ta kai ga taga ba. Gwamnati ta ƙayyade adadin motocin da ke da izinin shiga yankin da aka keɓe.

Beluga da tsuntsaye da hasken dare

Idan ƙanƙarar kogi ta fashe a watan Yuni, sai beluga su shigo. Ko da yake siffar kifi gare su, ba kifaye ba ne. Kamar ayu, iska suke shaƙa, su haihu, su shayar da nono. Ana haihuwarsu da launin toka, su yi fari fat idan sun girma, tsawonsu ya kai mita uku zuwa biyar. An ƙiyasta cewa fiye da 50,000 ne ke yammacin Tekun Hudson, kuma kusan 3,000 daga ciki na shiga bakin Kogin Churchill a Yuli da Agusta. Ruwan wurin ya fi na teku ɗumi kuma ba shi da zurfi, ya dace da renon jarirai da goge tsohuwar fata a jikin tsakuwa.

Beluga na da yawan surutu, suna fito suna ƙyaƙƙyasta, har masu jiragen yawon buɗe ido kan zura na'urar ɗaukar sauti cikin ruwa don baƙi su saurara. Suna kuma iya juya wuya, abin da mafi yawan danginsu ba sa iyawa, sau da yawa sai su biyo kwalekwale suna waiwayen mutanen ciki.

An ƙirga nau'in tsuntsaye fiye da 250 a yankin, ciki har da wani ƙaramin tsuntsun teku da ke yin sheƙa a nan, sannan ya tashi har ƙarshen kudancin duniya ya dawo a kowace shekara. Akwai farar yanyawa, da farin zomo, da kyarkeci, da karibu, wata babbar barewa mai ƙaho kamar rassan bishiya.

Hasken dare kuwa daga rana yake samo asali. Rana na feso wasu ƙananan ɓurɓushi masu ɗauke da lantarki, maganaɗisun duniya ya ja su zuwa ƙuryar arewa da ta kudu, su yi karo da iskar da ke sama da kilomita 100 daga ƙasa, sai ta yi haske kore, wani lokaci ja ko shunayya. Churchill na ƙarƙashin zoben da wannan haske ya fi yawaita, har ana cewa yana iya bayyana dare 300 a shekara, amma an fi ganinsa daga Janairu zuwa Maris lokacin da dare ke da tsawo kuma sama ba ta da gajimare. Saboda shi ne aka gina sansanin harba rokokin bincike a gabashin garin a shekarun 1950. A harabar ce cibiyar nazarin arewa ta Churchill, wadda aka kafa a 1976, ke karɓar masu bincike da ɗalibai a yau.

Masu ƙasa da baƙin 'yan kasuwa

Fiye da rabin mazauna garin 'yan asalin ƙasar ne. Ƙabilu uku ne iyakokinsu suka haɗu a nan: Inuit na arewa, masu farautar dabbobin teku; Dene na yamma da arewa maso yamma, masu bin garken karibu; da Cree na kudu, mutanen daji da koguna. Daga baya aka samu Métis, zuriyar auratayya tsakanin Turawa 'yan kasuwa da matan ƙasar.

Turawan farko da suka yi hunturu a wurin 'yan Denmark ne ƙarƙashin Jens Munk a 1619. Sun zo su fiye da 60 suna neman hanyar ruwa zuwa Asiya, sanyi da cuta suka cinye su, mutum uku kaɗai suka koma gida.

Waɗanda suka zauna su ne ma'aikatan Kamfanin Hudson's Bay na Ingila, wanda aka kafa a 1670 don sayen fatun dabbobi masu laushin gashi. Kamfanin na son ciniki da Dene, amma gaba tsakaninsu da Cree, waɗanda suka riga su mallakar bindiga, ta toshe hanya. Wata matashiya 'yar Dene mai suna Thanadelthur, wadda Cree suka taɓa kamawa ta kuɓuta, ita ce ta raka tawaga cikin tsananin sanyi a 1715 zuwa 1716, ta nemo mutanenta, ta shawo kan ɓangarorin biyu suka yi sulhu. Ta rasu a 1717, shekarar da kamfanin ya kafa cibiyarsa a bakin kogin. Sunan garin kuwa na John Churchill ne, wani basaraken Ingila da ya taɓa shugabantar kamfanin.

A tsallaken kogin har yanzu ganuwar Prince of Wales na tsaye, ginin dutse mai siffar tauraro da aka fara a 1731, aka shafe shekara 40 ana aikinsa. Amma da jiragen yaƙin Faransa uku suka iso a 1782, shugaban wurin Samuel Hearne, wanda mutanensa ba su kai 40 ba, ya miƙa wuya ba tare da an yi harbi ba. Kusa da nan akwai zobban ƙarfe da ake ɗaure jiragen ruwa a wancan zamani, yanzu suna can sama da ruwa, domin ƙasar na ci gaba da ɗagowa kusan mita ɗaya a kowace shekara ɗari tun bayan da nauyin tsohuwar ƙanƙara ya sauka daga kanta.

A cikin gari, gidan tarihi na Itsanitaq, wanda limaman Katolika suka kafa a 1944, na ɗauke da sassaƙen Inuit na dutse da ƙashi da haure, da kwalekwalen fata, da kayan farauta na zamanin da.

Abin da ya sami Sayisi Dene

A watan Agustan 1956 gwamnatin Kanada ta kwashe wani reshe na Dene da ake kira Sayisi Dene, mutum kusan 250, daga mazauninsu na Little Duck Lake ta sauke su a gaɓar Churchill. Jami'ai sun zarge su da kashe karibu fiye da kima, bayan sun ga tarin naman da maharba ke ajiyewa a bakin ruwa don sanyi ya adana musu shi har hunturu. Daga baya ta bayyana cewa zargin ba shi da tushe.

Mutanen da suka saba ciyar da kansu suka wayi gari babu karnukansu na jan kaya, babu filin farauta, babu aikin yi. An zaunar da su a gefen maƙabarta, suna tsintar abinci a juji. Zuwa 1973, lokacin da suka tattara suka koma daji suka kafa gari a Tadoule Lake, kusan kashi ɗaya cikin uku sun mutu ta hanyar gobara da sanyi da giya da tashin hankali. Gwamnatin Manitoba ta nemi afuwa a 2010, ta tarayya kuma a Agustan 2016, tare da diyyar dalar Kanada miliyan 33.6. Baƙon da ya nemi ɗan ƙasar ya yi masa jagora zai ji wannan labari daga bakin zuriyar waɗanda abin ya shafa.

Dogo da tashar jiragen ruwa

Manoman alkama na yammacin Kanada ne suka matsa aka ja dogo zuwa Churchill, domin ta nan tafiyar jirgin ruwa zuwa Turai ta fi kusa. An kammala dogon a 1929, tashar ta fara aiki a 1931, kuma babban rumbun hatsinta ne ginin da ya fi kowanne tsayi a garin. Matsalarta ita ce ƙanƙara ba ta barin jirage su shigo sai daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Nuwamba.

A 1997 wani kamfanin Amurka, OmniTRAX, ya sayi dogon da tashar. Da gwamnati ta soke ikon da hukumar alkama ta ƙasa ke da shi na sayar da alkamar yammacin ƙasar ita kaɗai a 2012, tashar ta rasa babbar mai ba ta kaya, aka rufe ta a 2016. A watan Mayun 2017 ambaliya ta yanke dogon a wurare da dama, aka shiga jayayya tsakanin kamfanin da gwamnati kan wanda zai biya kuɗin gyara. Garin ya yi kusan shekara ɗaya da rabi babu jirgin ƙasa. Kayan masarufi sai ta jirgin sama, farashin madara da kayan miya ya yi tashin gwauron zabo, wasu iyalai suka yi ƙaura.

A 2018 wata ƙungiya mai suna Arctic Gateway ta saye dogon da tashar, jirgin farko ya iso a ƙarshen Oktoba. Yanzu al'ummomin 'yan asalin ƙasa da garuruwan da ke kan layin ne ke da mallakarta, wato waɗanda rayuwarsu ta dogara da dogon su ne masu shi.

Ƙanƙarar da ke ja da baya

Lokacin da Tekun Hudson ke zama babu ƙanƙara ya ƙaru da makonni uku zuwa huɗu idan aka kwatanta da shekarun 1980. Kowane mako da ya ƙaru, mako ne na yunwa ga farin beyar, kuma mata masu shayarwa da ƙanana ne suka fi jin jiki. A shekarun 1980 an ƙiyasta akwai kusan 1,200 a yammacin tekun. Ƙidayar da aka yi ta jirgin sama ta samu 842 a 2016, sannan 618 a 2021.

Ɗumamar da ke ƙara wa tashar kwanakin aiki ita ce kuma ke narkar da ƙasar da dogo ke kai, ita ce ke rage dabbar da baƙi ke biyan kuɗi don gani. Shi ya sa masu otal da masu jagorar baƙi ke ƙara ƙarfi wajen tallata beluga da hasken dare da tsuntsaye da hawan keken da karnuka ke ja, don kada abincin shekara ya dogara da makonni shida na Oktoba da Nuwamba.

Ga mai niyyar zuwa

Abin da mutum ke son gani shi zai zaɓa masa wata: tsuntsaye a Yuni, beluga a Yuli da Agusta, farin beyar daga tsakiyar Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba, hasken dare a Fabrairu da Maris. Ɗakunan kwana kaɗan ne, akan kama su watanni kafin lokaci, kuma tafiyar na cin dubban daloli ban da bizar Kanada. Wasu kamfanoni na ba da hayar rigar sanyi da takalma, domin irin wanda ake sawa da hunturu a Jos ko Kano ba zai yi aiki a can ba.

Dokokin kuwa a bayyane suke a allunan da aka kakkafa a gefen gari: kada a bi ta cikin duwatsun bakin teku inda beyar ke kwanciya, kada a yi yawo da ƙafa cikin dare, kada a ba kowace dabba abinci. Mazauna garin da suka tashi da waɗannan dokoki tun suna yara har yanzu sukan leƙa hagu da dama kafin su fita daga ƙofar gida.